Abin wuya mai shokin ko kilika, wanne zan saya wa karena?

Tambaya: Salam. Karena wata bakwai gare shi, in mun fita shi yake jana ba ni nake jansa ba, ga haushi da ya hango baƙo. Na ga ana tallan abin wuyan nan mai rimot da yake ba kare shokin in ya yi laifi, wai kwana uku ya natsu. Shi zan saya ko sarƙar nan mai shaƙe wuya?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya kar ka sayi ko ɗaya a ciki. Shokin ɗin yana tsayar da haushi kam, ba zan ce maka ƙarya suke ba, amma kai ne ka san dalilin da ya sa ka danna rimot, shi kare abin da idonsa yake kallo a lokacin da zafin ya zo shi yake ɗora wa laifi, to in duk sanda ya hango baƙo wuyansa ya yi raɗaɗi me kake zaton zai koya game da baƙi? Bakin ya mutu, tsoron na nan har ma ya ƙaru, kuma karen da aka hana shi gurnani shi ne wanda wata rana zai kai cizo ba gargaɗi. Yankin Wales na Birtaniya tun 2010 ya haramta irin wannan abin wuyan, a 2021 kuma ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsayarta cewa a horar da kare ta hanyar ba shi lada kawai.

Masu talla za su ce maka ai dole ka nuna masa kai ne shugaba. Wannan maganar ta samo asali ne daga binciken da Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketai da aka tsare a gidan zu, shi kansa masanin kyarketai David Mech da ya yayata ta daga baya ya dawo a 1999 ya nuna cewa a daji garken kyarketai iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Karenka ba mulki yake nema ba, sauri yake ya je ya sansana abin da ke gaba, kuma duk sanda ya ja ka bi shi to ja ya biya shi.

Abin da za ka saya guda biyu ne. Ɗamarar da ke zagaye ƙirji da kafaɗa mai zobe ta gaba, ka gwada ta yadda yatsunka biyu za su shiga tsakaninta da jikinsa, sai igiya ta gargajiya mai tsawon kamar mita 2. Banda mai naɗe kanta da maɓalli, ita kullum a miƙe take, ja take koya masa. Da igiya ta miƙe ka tsaya ƙyam, kar ka fizga kar ka yi magana. Zai yi ta turjewa, can zai waiwayo ya ga me ya faru, igiyar ta saki, a daidai nan ka ce "yauwa" ka miƙa masa ɗan nama a gefen gwiwarka, ku ci gaba. Ranakun farko tafiyar minti biyar sai ta ci muku rabin awa, haka abin yake.

Tambaya: Ni kam kilikar nan da nake gani a bidiyo, dole ne sai da ita? Kwikwiyona ba ya jin magana sam.

A'a 'yar'uwa, ba dole ba ne. Ɗan ƙarfe ne a cikin roba da ke yin ƙas in an danna, aikinsa ɗaya, ya gaya wa kare "abin da ka yi yanzun nan shi ne ya jawo maka lada". Tushen abin aikin masanin halayya B.F. Skinner ne, sai Karen Pryor da ta horar da dolfin (wata dabbar teku) a Hawai ta yaɗa shi tsakanin masu karnuka. Amfaninta sauri ne, don ladan da ya wuce daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kare ba ya haɗa shi da abin da ya yi, ya zauna kina lalube a jaka ya miƙe sannan kika ba shi, to miƙewa kika biya. Kalma ɗaya gajera da ba kya canzawa za ta yi aikin, kuma ba a manta ta a gida. In kin saya ɗin, ki fara da ƙas sai nama, ƙas sai nama, har ki ga da ya ji ƙarar yana ɗago kai.

Batun rashin jin magana kuwa ki duba gidan tukuna. Ke ki ce "zauna", maigida ya ce "kai natsu", yara su ce "kwanta mana" suna dariya suna ture shi, wanne zai ɗauka? Ku tsayar da kalma guda da alamar hannu guda, a faɗa sau ɗaya. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya ishi kwikwiyo.

Tambaya: Abin lasawa na leda da ake sayarwa ya fi, ko in yi a gida? Kuma ba zai saba da sai an ba shi cin hanci ba?

Na gida ya wadatar malam, dafaffen nama ko hanta ba gishiri ba yaji, ka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake don ya haɗiye nan take ku wuce. Kar ya haura kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini. Albasa, tafarnuwa, cakulan, inabi da zabibi guba ne gare shi, ko ɗanɗane kar a ba shi. Cin hanci shi ne ka nuna naman kafin ya yi, to ka bar shi a aljihu sai ya yi sannan ya fito. In ya ƙware sai ka riƙa tsallakewa, wani lokaci nama, wani lokaci wasa ko shafa.

Tambaya: In biya mai horarwa ne?

In karen ya taɓa cizo ko yana yunƙurin yi, e, amma likitan dabbobi ya fara duba shi don ciwo ma yana sa faɗa. Kafin ka biya ka tambayi mai horarwar me yake yi in kare ya yi kuskure, ka ce kuma kana so ka zauna ka kalli darasi ɗaya. In ya ce sai dai ka bar masa karen ka tafi, nemi wani.