Hukuncin Shiga Gasar Kamun Kifi Da Kuɗin Rajista A Amurka

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Houston ne a jihar Texas, can nake aiki. Wani abokin aikina ya koya mini fatsa, har na kai ga shiga gasar kamun kifin da suke kira bas a tafkin Sam Rayburn. Ba ni da jirgi, a matsayin ɗan baya nake shiga. Ana jefa ƙuri'a a haɗa mutum da wani mai jirgi, shi yana gaba, ni ina baya, kowa da irinsa yake gasa. Ina biyan kuɗin rajista, ina kuma ba mai jirgin wani abu na mai. Da yamma a auna kifin, a mayar da shi ruwa, waɗanda suka zo gaba a ba su kuɗi. Sau ɗaya na taɓa samu. Wani ɗan'uwa a masallacinmu ya ce caca ce, ni kuma na ce masa ƙwarewa ce, kuma ko a Argungu ana ba da kyauta. Malam, mene ne gaskiya?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, kamun kifi a kan kansa babu laifi. Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96: "An halatta muku farautar ruwa da abincinsa." Tsayuwarka a bayan jirgin wani ita ma ba ta ƙara hukunci ba ta rage. Kuɗin man da kake ba shi halas ne, in kyauta ce kyauta ce, in lada ne to ku yanka adadin kafin jirgi ya tashi, don kada a yi ta noƙe-noƙe a bakin gaɓa da yamma.

Inda maganar take shi ne kuɗin rajista, kuma a nan ɗan'uwan nan na masallaci ya fi ka kusa da daidai.

Tun da wani Ba'amurke mai suna Ray Scott ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, wadda daga ita ƙungiyar masu kamun kifin bas, wato B.A.S.S., ta samo asali, tsarin da aka fi sani ke nan: masu gasa su zuba kuɗi, masu shiryawa su cire nasu, saura a raba wa waɗanda kifinsu ya fi nauyi. A irin ƙananan gasannin da kake shiga ma abin a fili yake, domin kyautar tana hawa tana sauka ne gwargwadon yawan waɗanda suka yi rajista. A ce ku ɗari ne 'yan baya, kowa ya ba da dala 100. Na ɗaya ya tafi da dubbai, wasu kaɗan su biyo shi, mafi yawa su koma gida hannu rabbana. Dubban nan daga aljihun wa suka fito? Daga aljihun waɗanda suka faɗi. Wannan ita ce siffar da malaman fiƙihu suka ba caca: kowane ɗaya ya shiga da dukiyarsa, yana tsakanin ya ci ta wani ko a ci tasa, bai san wanne zai same shi ba. Kuma Allah ya haɗa caca da giya a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ya ce a nisance su.

Ka ce ƙwarewa ce. Na yarda akwai ƙwarewa, kuma da wannan hujjar ce dokokin jihohi da yawa na Amurka suke raba irin wannan gasa da caca. Amma shari'a ba ta rataya hukuncin a kan sa'a kaɗai ba. Mutum biyu su zuba kuɗi a kan dara, wanda ya fi iyawa ya kwashe, ai babu malamin da ya halatta, alhali dara iyawa ce zalla. Ma'aunin shi ne daga ina kyautar ta fito. Sannan kai da kanka ka san rabon ɗan baya ya fi na kowa rataya a kan sa'a. Ƙuri'a ce ke zaɓa maka mai jirgi. Shi ke zaɓen wurin da za a tsaya, shi ke taka ƙaramin injin gaba yana juya jirgin, shi ke fara jefa koto a inda kifin yake, kai sai abin da ya bari. In ƙuri'a ta haɗa ka da wanda ya san tafkin kuma mai kirki ne, ka sha. In ta haɗa ka da mai rowa da zai manna hancin jirgi a gaɓa ya bar ka da tsakiyar ruwa, kuɗinka sun tafi tun kafin rana ta ɗaga.

Akwai togiya a babin gasa, amma ba ta kai nan ba. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce babu kyautar tsere sai a harbi, ko raƙumi, ko doki. Abubuwa ne na tanadin kare al'umma. Ko a cikin ukun nan, mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne ba ya halatta duka masu tseren su zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe. Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa sun yarda da sharaɗin a shigo da na uku wanda bai zuba komai ba, in ya ci ya ɗauka, in ya faɗi bai biya ba. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun fi kowa sassauci, har sun haɗa da gasar ilimin addini, amma su ma sun tsaya ga abin da yake ƙarfafa addini. Fatsa a tafkin Texas ba ta cikin wannan. Daga malaman zamani kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta halatta gasa mai kyauta idan manufarta da hanyarta halas ne kuma kyautar ba daga dukkan masu gasar ta fito ba, ta kuma ce kuɗin shiga da yake komawa cikin kyauta, duka ko sashensa, nau'i ne na caca. Wannan nake ba da fatawa da shi.

Da haka za ka ga bambancin da Argungu. Masuncin da ya faɗa kogin Matan Fada da homarsa da gorarsa, kyautar da yake fata gwamnati da kamfanoni ne suka ajiye ta, ba a tara ta daga hannun 'yan'uwansa masunta ba. In ka samu gasa irin wannan a can, wadda kamfanin jirage ko na kayan fatsa ya ɗauki nauyin kyautar baki ɗaya, shiga. In ana karɓar wani abu don izinin tafki da inshora da ladan masu awo kawai, ka kuma tabbatar ko sisi ba ya shiga kyauta, wannan biyan hidima ne, ya halatta. Ka karanta takardar dokokinsu, yawanci suna rubuta kashi nawa na rajista ake mayarwa. Ƙaramin asusun nan da ake zubawa daban don wanda ya kama kifi mafi girma a ranar kuwa, ba ya buƙatar dogon nazari, caca ce tsagwaronta.

Na san abin da zai zo maka a rai: to in biya, in yi fatsata don koyo, in na ci in ƙi karɓa? Ban ga halaccinsa ba, domin kuɗinka sun riga sun kumbura asusun da wani zai ci. In koyo kake so, ɗauki hayar jagora na yini guda, kuɗi sananne a kan aiki sananne, ko ka bi abokinka ranar da babu gasa ku raba kuɗin mai. Zai ma fi koya maka, tunda ba ya tsoron ka kama kifin da ya ƙwallafa wa rai.

Abin da ka taɓa ci, ka cire adadin da ka zuba a wannan gasar, sauran ka fitar da shi ga mabuƙata ko wata maslaha ta jama'a, da niyyar tsarkake dukiyarka. Ba ka sani ba a lokacin, istigfari ya wadatar.

Saura abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Kama kifi a sake shi don nishaɗi kawai, Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halas ce. Ban kai shi ga haramun ba, domin ba azabtarwa ake nufi ba, kuma sakin yana kare kifin tafki daga ƙarewa, wani ma doka ce ta tilasta sakinsa in bai kai tsawo ba. Amma mai rai ne. Kifin da ya wuni a ɗan akwatin ruwan jirgi cikin zafin Texas yakan galabaita, wani ya mutu bayan an sake shi. Masu gasa don gudun a rage musu maki in kifi ya mutu suke kula da shi, kai ka kula da shi don Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai: cire ƙugiya a hankali, jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kada ka daɗe da shi a iska don hoto. Wanda doka ta yarda a ɗauka, ka riƙa kai wa iyali su ci.

Salla kuma, ana tashi ne da hudowar haske, don haka yi Asuba a gaɓa kafin a kira lambar jirginku. In Azahar za ta kuɓuce, ka gaya wa mai jirgin tun da safe, ka sallace ta a tsaye in jirgin ya natsu, a zaune in kana tsoron faɗawa ruwa. Gasar kwana biyu ko uku da ta haɗa da Juma'a, in tafkin bai kai nisan ƙasaru daga gidanka ba, ba uzuri ba ce. In kuma ƙuri'a ta haɗa ka da mace, ku biyu kaɗai a lungun tafki yini guda, nemi a canza maka, in sun ƙi ka haƙura da ranar.

Wallahu a'alam.