Tambaya da Amsa: Tsofaffi da Nakasassu a Ƙofar Manyan Kantuna

Tambaya daga wata mai karatu a Kano: Edita, mahaifina ya haura shekara 70, kuma tun da ya sami shanyewar ɓarin jiki yake zaune a keken guragu. Mutum ne da bai saba a yi masa cefane ba, ya fi son ya ga kaya da idonsa ya zaɓa. Kwanan baya na kai shi wani babban kanti, muka tarar da matakala huɗu a ƙofa, sai da masu gadi biyu suka ciccibe shi da keken, jama'a na kallo. Da muka dawo gida ya ce ba zai ƙara zuwa ba. Shin akwai dokar da ta wajabta wa masu kantuna su gyara ƙofofinsu, ko kuwa haƙuri ya zame mana dole?

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka miki da alheri. Akwai doka, kuma ba sabuwa ba ce. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar 2018 da ta haramta nuna wariya ga nakasassu, bayan shekaru masu yawa da ƙungiyoyinsu suka yi suna fafutuka a majalisar tarayya. Dokar ta ba mai nakasa 'yancin shiga gine-ginen jama'a kamar kowa, kuma ba ofisoshin gwamnati kaɗai take nufi ba, har da duk ginin da aka buɗe domin jama'a su riƙa shiga, wanda ke nufin kanti na cikin lissafi. An ba masu gine-gine wa'adin shekara 5 su yi gyara, wa'adin kuwa ya cika a watan Janairun 2024. Saboda haka mai kantin da har yanzu matakala ce kaɗai hanyar shiga wurinsa ba shi da uzurin cewa lokaci bai yi ba.

Dokar ta yi tanadin hukunci. Kamfanin da aka samu da laifin nuna wariya zai biya tarar naira miliyan 1, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun, kuma wanda aka zalunta yana iya shigar da ƙarar neman diyya. Haka nan jami'in da ya amince da zanen sabon ginin jama'a wanda bai tanadi hanyar nakasassu ba shi ma yana da hukuncinsa. An kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020 domin sa ido a kan aiwatar da wannan doka, jihohi kuma irin su Filato, Legas, Jigawa, Kano da Kaduna suna da nasu dokokin. Gaskiyar magana dai ita ce aiwatarwar ta yi rauni ƙwarai, kuma tarar miliyan 1 a darajar naira ta yau ba za ta hana babban ɗan kasuwa barci ba. Amma koke yana aiki idan an yi shi yadda ya kamata: a watan Maris na 2024 hukumar kula da filayen jiragen sama ta rufe reshen gidan abinci na KFC a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Legas, bayan an hana wani mai keken guragu shiga ya kuma bayyana abin da ya faru a fili.

Abin da Baba ya ji a ransa yana da tushe, kada ki ɗauka fushin tsufa ne. Masu gadin nan sun yi abin kirki gwargwadon saninsu, sai dai ciccibar dattijo a bainar jama'a yana taɓa mutuncinsa, ga kuma haɗari, domin keke yakan kufce, mai shanyewar ɓarin jiki kuwa ba ya iya kare kansa da hannu idan ya faɗi. Wanda sai an ɗauke shi kafin ya shiga wuri, shigarsa ta dogara ne ga ganin damar wani, kuma ranar da mai gadin ba ya nan ko ya tashi da ɓacin rai, babu shiga. Abin da dokar ke nema shi ne mutum ya shiga da kansa, ko da ɗan turawar mai rakiya, ba tare da ya roƙi kowa ba.

Shawarata ita ce ki rubuta wa manajan kantin takarda cikin ladabi, ki faɗi ranar da kuka je da abin da ya faru, ki ambaci dokar 2018, ki nemi a gina gangaren hawa a ƙofar, ki kuma ajiye kwafe da hoton matakalar. Idan makonni suka shuɗe ba amsa, sai ki miƙa koken ga hukumar nakasassu ta ƙasa ko ofishin jiha da ke kula da su, kuma zai fi ƙarfi idan kika bi ta reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta JONAPWD, domin takardar ƙungiya ba ta saurin ɓacewa a ƙarƙashin fayil. Kafin nan, ki zaɓi kantin da daɓensa ya yi daidai da ƙasa, ku riƙa zuwa da hantsi a ranakun aiki lokacin da babu cunkoso, don kada Baba ya yanke ƙauna da fita.

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Ni makaho ne, malamin makaranta. Sau da yawa mai gadi yakan tare ni a bakin kanti ya ce ba a bara a nan, alhali da kuɗina na zo. Idan na shiga kuma, na'urar biyan kuɗi ta zamani ba ta da maɓallai, sai na faɗa wa mai karɓar kuɗi lambar sirrina. Mene ne mafita?

Amsa: Malam, wannan tarewa ta fi matakala ciwo, kuma ita ce ainihin wariyar da doka ta hana. Tushenta shi ne mun daɗe muna haɗa nakasa da bara a tunaninmu, har ya zama idan mai gadi ya hango sanda da ɗan jagora, ko gurgu a kan kekensa mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, bai ga mai sayayya ba, mabaraci ya gani. Laifin bai tsaya a kan mai gadi ba, domin umurni aka ba shi ya kori masu bara ba tare da an koya masa yadda zai tambayi mutum abin da ya kawo shi ba. Idan hakan ta sake faruwa, ka nemi ganin manaja nan take, kada ka tsaya musu a ƙofa.

Batun lambar sirri kuwa, kada ka ƙara faɗa wa kowa, komai amincinsa a fuska. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 biyan kuɗi da kati ya yaɗu, kantuna da yawa kuma suka koma ga na'urorin da fuskarsu gilashi ce sumul, waɗanda makaho ba shi da abin da zai laluba a jikinsu. Tsohuwar na'ura mai maɓallai tana da ɗan ƙullutu a kan lamba 5, wanda daga shi yatsa ke gane sauran lambobi, saboda haka ka nemi a kawo maka irinta. Idan babu, ka tura kuɗin daga wayarka ta amfani da manhajar karanta rubutu, TalkBack a wayoyin Android ko VoiceOver a iPhone, da abin sauraro a kunne. Ka kuma nemi mai karɓar kuɗi ya karanto maka kowane kaya da farashinsa yayin da yake lissafi, sannan ya faɗi jimla kafin ka biya. Har ila yau dokar ta ce a ba mai nakasa fifiko a layi, a sallame shi a wajen layin idan da hali, wanda ya saɓa kuwa tararsa naira 50,000 ce ko ɗaurin wata 6.

Tambaya daga wani mai kanti a Katsina: Ina da matsakaicin kanti, kuma ina son in kyautata wa dattawa da nakasassu, amma ba ni da kuɗin rushe gini ko sanya lif. Daga ina zan fara?

Amsa: Alhaji, madalla da wannan niyya, kuma albishirinka, mafi yawan gyaran ba ya buƙatar rushe komai. Ka fara da ƙofa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne duk santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawon gangare, wato matakala huɗu masu tsayin santimita 15 kowace suna buƙatar gangare mai tsawon mita 7 da ɗoriya. A nan ne magina suke yin kuskure, sai su zuba ɗan guntun siminti a tsaye wanda ya dace da tura buhunan shinkafa, su kuma shafe shi da tayil mai santsi, har ya zama ya fi matakalar haɗari, musamman da damina. Idan filin gabanka bai kai ba, a kwantar da gangaren a jikin bango ya karya kwana, a sa masa ƙarfen dafawa hagu da dama, a bar fuskarsa da kaushi. Faɗin ƙofa kada ya gaza santimita 90, sannan a ware wurin ajiye mota ɗaya kusa da ita, a kuma hana masu babura toshe bakin gangaren.

A ciki, babban abokin gabar mai keke da mai sanda shi ne katan-katan ɗin da ake jibgewa a tsakanin kantoci. A kwashe su, a bar hanya a buɗe, a kuma bar fili mai faɗin kamar mita ɗaya da rabi a ƙarshen layi inda keke zai iya juyawa. Kayan yau da kullum irin su sukari, madara, man girki, sabulu da ganyen shayi a jera su tsakanin ƙugu da kafaɗa, domin tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya durƙusawa, wanda ke zaune a keke kuma hannunsa ba ya kai wa saman kanta. A rubuta farashi da manyan lambobi baƙaƙe a kan farar takarda. A ajiye benci kusa da wurin biyan kuɗi, domin dattijo mai hawan jini ko ciwon suga yakan fasa sayayya saboda tsoron tsayuwa kawai. Idan kantinka bene ne, ka sauko da kayan masarufi ƙasa, ka bar wa sama abin da ba a saye kullum. Ga kurame kuwa, allon da ke nuna jimlar kuɗi ya fuskanci mai saye, a ajiye biro da takarda a kan teburi.

Wasu ƙasashe sun yi nisa a wannan fanni ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. A Birtaniya kamfanin Morrisons ya ware awa guda a safiyar Asabar tun 2018, inda ake rage hasken fitilu a kashe kiɗa saboda waɗanda hayaniya ke damu, a Holan kuma kamfanin Jumbo ya buɗe layin biyan kuɗi na musamman a 2019 inda tsoho zai biya a tsanake har ya taɓa hira. Ba lallai ne ka kwaikwayi duka ba, a wurinmu ma hirar mai kanti da dattijo daɗaɗɗiyar al'ada ce da manyan kantuna suka zo suka rage, amma ware layi ɗaya ga tsofaffi, masu ciki da nakasassu abu ne da za ka iya farawa gobe da safe.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin sadaka da za ta rage maka riba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da nakasa mai tasiri, kuma dattijo ba ya zuwa kanti shi kaɗai, yakan zo da ɗa ko jika, shi ne kuma sau da yawa mai riƙe da kuɗin cefanen gidan. Ka zaunar da ma'aikatanka, tun daga mai gadi, ka koya musu su yi magana da mai sayayyar kansa maimakon ɗan rakiyarsa, su tambaya kafin su taɓa kekensa, su kuma miƙa wa makaho gwiwar hannu ya riƙe maimakon jan sandarsa. Kafin magini ya zuba siminti, ka gayyato mai keke da makaho daga ƙungiyoyinsu na gari su zaga kantin tare da kai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan an gama aikin, ka sake kiran su su gwada gangaren da kansu kafin ka biya magini cikon kuɗinsa.