Likita, Ɗana Ba Ya Iya Tsayar Da Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 9. A aji ba ya zama wuri ɗaya, yana amsa tambaya tun malam bai rufe baki ba, a Islamiyya kuwa kullum sai ya sha bulala. In na yi masa faɗa sai ya yi kuka ya ce ya daina, an jima kaɗan ya sake. Wata maƙwabciyata ta ce a yi masa hoton ƙwaƙwalwa. Zai nuna matsalar? Daga wata uwa, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Bayaninki ya yi kama da larurar da ake kira ADHD, wato larurar rashin natsuwa da kasa mai da hankali, wadda ke samun kusan yara 5 cikin 100 a duniya, amma sai an duba shi kafin a tabbatar.

Akwai gwajin da masu bincike ke yi. A zaunar da yaro gaban kwamfuta, a ce ya danna maɓalli duk lokacin da kibiya ta fito, in kuwa ya ji ƙara ya dakata. Mai wannan larura ya san dokar sarai, zai ma maimaita miki ita, amma kafin ya janye yatsa ya riga ya danna. Na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa yayin da take aiki, ta nuna cewa a irin wannan lokaci sashen gaban ƙwaƙwalwa na dama, wanda ke taka birki, bai cika motsawa yadda ya kamata ba. A 2007 kuma Philip Shaw da abokan aikinsa a Amurka suka gano cewa ɓawon ƙwaƙwalwar yaran nan kan yi jinkirin kammala girma da kimanin shekara 3. Shi ya sa bulalar nan ke damuna ƙwarai. Kukansa na gaskiya ne.

Hoton kuwa, ki adana kuɗinki. Bambancin da ake gani sai an haɗa hotunan yara da yawa yake fitowa, ba a gane larurar a hoton yaro guda. Likita na dogara ne da bayaninki da na malamansa: tun yaushe, kuma ko a gida da makaranta duka ne. Sai dai in yakan ƙura ido ya yi shiru na 'yan daƙiƙu, ko an kira shi bai ji ba, to a yi masa gwajin EEG, wanda ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, don akwai farfaɗiyar da ke zuwa haka.

Ki kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Shika, ki kuma roƙi malaminsa ya zaunar da shi a layin gaba, ya riƙa ba shi umarni ɗaya bayan ɗaya.