Tambayi likita: ƙullutun gindin babban yatsan ƙafa da tiyatarsa

Tambaya: Likita, takalmi mai tsini ne ya jawo min wannan ƙullutun?

Amsa: Matsattsen takalmi yana ƙara tsananta shi, amma yawanci siffar ƙafar ce ake gada. Duba ƙafar mahaifiyarki, ƙila ki ga irinsa. Ya kuma fi yawa a mata.

Tambaya: Ba ya yi min ciwo, sai dai ya ɓata min siffar ƙafa. In je a yi min aiki?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Ciwo da wahalar tafiya ake yi wa wannan tiyata. Nemi takalmi mai faɗin baki, ki bar ƙafarki ta huta.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mahaifiyata tana da ciwon suga, kuma ƙullutun nata ya yi ja yana zafi. An ba mu shawarar a tsaga shi da reza a fitar da mataccen jini, wani kuma ya ce a ɗana mata ƙarfe mai zafi. Wanne ya fi?

Amsa: Don Allah kada ku yi ko ɗaya! Wannan shawara tana ƙona min rai, domin ta kan raba mutum da ƙafarsa. Ɗan'uwa, babu mataccen jini a wurin, babu mugunya da za a matse. Abin da kake gani ƙashi ne. Dogon ƙashin da ke bayan babban yatsa ya karkata waje, yatsan kuma ya kwanta ya nufi ɗan'uwansa na kusa, sai kan ƙashin ya turo fata. Jan da zafin kuwa yawanci gugar takalmi ce ke kumbura wurin. To reza me za ta yi wa ƙashin da ya goce? Sai dai ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa zuwa cikin gaɓa.

Ga Mama kuma haɗarin ya ninka. Ciwon suga yana rage jin taɓi a ƙafa, yana rage gudun jini, yana hana rauni warkewa da wuri. Za a iya ƙona ta ba ta ji sosai ba, ƙunar ta zama gyambo, gyambon ya ci ƙashi. Daga nan ake fara maganar yanke yatsa ko ƙafa. Ɗaure yatsan tamau ko murɗe shi da ƙarfi a ce za a miƙar da shi, shi ma ku bar shi. Ko robar da ake sawa tsakanin yatsu sauƙin ciwo kawai take bayarwa, ba ta mayar da ƙashi mazauninsa.

Ku kai ta asibiti cikin kwanakin nan, a duba suganta, a ɗauki hoton ƙashi. Idan kuwa fatar ta riga ta fashe, ko tana ruwa, ko wari, ko Mama tana zazzaɓi, yau za ku tafi, kada ku kwana.

Tambaya: An sa min ranar tiyata. Me za a yi min, kuma yaushe zan taka?

Amsa: A mafi yawan lokuta likitan ƙashi zai yanka ƙashin da ya karkata, ya daidaita shi, ya riƙe shi da ƙananan kusoshi na ƙarfe. Idan gaɓar ta lalace sosai, akan haɗe ƙasusuwanta su zama ɗaya, ta daina lanƙwasawa. Ana yi da allurar barci ko ta kashe ƙafar kawai, kuma da yawa suna komawa gida a ranar.

Jinyar ce ke buƙatar haƙuri. Makonni 2 na farko ki riƙa ɗaga ƙafar sama, kada bandejin ya jiƙe. Wajen lokacin ake cire zare. Za ki sa takalmin asibiti na musamman kimanin makonni 6, ƙashin kuma kan ɗauki makonni 6 zuwa 12 kafin ya haɗe. Kumburi na iya kai wata 6, wani har shekara. Mai shan sigari ya daina tun kafin aikin, domin tana jinkirta haɗewar ƙashi. Idan sharaɓarki ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya, ko ɗinkin ya soma mugunya, garzaya asibiti nan take.

Tambaya: Mako 3 ke nan da yi min aiki a ƙafar dama, ciwo ya tafi. Zan iya komawa tuƙi?

Amsa: Ba yanzu ba, malam. Tafiyar ciwo ba ta nufin ƙashi ya haɗe. Yawanci sai bayan makonni 6 zuwa 8, lokacin da za ka iya taka birki da ƙarfi, kuma sai likitanka ya yarda.

Tambaya: Yana iya dawowa bayan tiyata?

Amsa: Yana iyawa, musamman idan aka koma matsattsen takalmi. Wasu kuma yatsan kan ɗan ƙage ko fatar wurin ta yi dindiris. Da zarar kin ga yatsan ya soma karkata kuma, koma wurin likitan da ya yi miki aikin ya duba.