Kada ka sayar da injin, zauna mu lissafa bashin

Ɗana, na ji tambayarka, kuma gara da ka kawo mini ita kafin ka kira dillali. Ka ce ruwa ya cinye shinkafarka ta fadama bara, jinyar mahaifiyarka ta kwashe abin da ya rage, har hannunka ya kai ga kuɗin mutane. Yanzu kana so ka sayar da injin yanka katako da janareto ka sallami kowa ka huta, in hakan bai isa ba ka jinginar da gonar gado. To ni ban goyi bayan ko ɗaya ba.

Dillali yana ganin fuskarka zai san matsuwa ce ta kawo ka, tayin da zai yi ba zai wuce rabin kuɗin injin ba. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, kayan aikinmu hawa kawai suke yi. Wanda ya sayar da injinsa yau, da wuya ya sake mallakar irinsa. In ya tafi za ka koma zarto, ko ka riƙa ɗora katako a amalanke kana kai wa wani ya yanka maka kana biya. Aikin kwana biyu ya zama na mako guda. Da me za ka biya ragowar bashin? Gona kuwa, ka san yadda jingina take a ƙauyukan nan: wanda ya riƙe ta shi ke noma ya ci, kuɗinsa kuma na nan bai ragu da ko kwabo ba. Bayan ambaliyar 2022 mutane da yawa a yankin Ringim da Auyo da Haɗeja sun shiga matsi irin naka, kuma na ga waɗanda suka ba da gona a lokacin, har yau hatsi suke awo a kasuwa.

Ɗauko littafin awo, ka buɗe shafin baya. Abin da ka faɗa mini ke nan: mutum uku sun ba ka kafin alƙalami, jimilla N150,000, na gado da sif na amarya, da ƙofofi biyu, da bencinan Islamiyya. Alhajin da ke ba ka katako a kasuwar Na'ibawa ta Kano yana bin ka N200,000. Kawunka N100,000. Sai na manhajar ba da rance ta waya, wanda ka karɓi N30,000 yanzu ya kai N40,000. Duka N490,000. In akwai wani da kunya ta hana ka faɗa, mai shayi ne ko mai fetur, rubuta shi yanzu. Mai bashi yakan ji tsoron jimilla, sai ya bar ta a ka tana girma da dare. A takarda ba ta wuce abin da take.

Kuskuren da yara ke yi shi ne su ɗauka bashi duk ɗaya ne, sai su fara biyan wanda ya fi ɗaga murya. A sana'armu bashi kala-kala ne, kuma biyu daga cikin naka girma suke yi kana barci.

Na farko na wayar nan. Ruwansa kamar gara yake a cikin azara, daga waje ba ka ganin komai, ciki kuwa ana ci. Ga haramcin riba, ga kuma halin da yawa daga cikinsu na bin lambobin da ke wayarka suna aika wa surukai da abokan ciniki saƙon cewa kai macuci ne. Wannan ba a yi masa tsarin wata-wata. Tunkiyar nan da kake kiwo, ran Lahadi a kai ta kasuwar Gujungu a sayar, a biya shi gaba ɗaya, ka ajiye shaidar biya, ka goge manhajar. Tunkiya ana sake saye.

Na biyu shi ne wanda nake so ka buɗe kunne a kai, don shi ne sirrin sana'ar. Mutanen nan uku ba kuɗi suke bin ka ba. Gado suke bin ka, da ƙofa, da benci. Uban amarya ya ba ka kuɗi tun kafin damina a kan farashin katako na wancan lokacin, kai kuwa za ka sayi filawud da katakon tu-bai-fo da ƙusa da gam a farashin ranar da ka je kasuwa. Duk watan da ka ƙara, bashin ya ƙaru ko da ba wanda ya ɗora maka ruwa. Kuɗin kawunka N100,000 ne yau, N100,000 ne baɗi. Gadon amarya kuwa kullum tsada yake ƙarawa. Sannan kafin alƙalami amana ce, ba rance ba ne. Mutumin bai ba ka don ka yi jinya ba, ya ba ka don ka sayi katako. Na san larura ce, ban ce ka yi da gangan ba, amma a wurin mutanen gari sunan abin ɗaya ne: kafinta ya cinye kuɗin aiki. Wannan magana in ta zagaya masallaci da majalisa da gidan biki, ko injinka goma ne ba mai kawo maka aiki. Mata ke zaɓar wanda zai yi kayan ɗaki, kuma labari a wurinsu ba ya kwana.

Saboda haka daga yanzu zuwa Disamba, aikin mutanen nan uku ne a gabanka. Na amarya farko, tunda an sa rana bayan kaka. Katakon gado da sif ka ɗiba a nawa, mu rubuta kuɗinsa, ka biya ni da aiki a rufin da na karɓa a garin nan. Kada ka ɗauka kyauta ce, zan cire a ladanka na kullum har ya ƙare. Na ƙofofi da mai bencina ka je ka same su yau, ka gaya musu gaskiya, ka ba kowa ranar da ka tabbata za ka cika. In sati uku kake ganin zai isa, ka ce biyar. Mai kaya yana haƙuri da jinkirin da aka sanar da shi. Abin da ba ya jurewa shi ne ya zo shago yaro ya ce ka fita, alhali babur ɗinka na jingine a bakin rumfa.

Sai Alhaji. Na ji ka daina ɗaga wayarsa, har ka koma sayen katako a wata rumfa don kada ku haɗu. Wannan ya fi bashin muni. Kasuwar 'yan katako duk girmanta kunne ɗaya gare ta, ya riga ya san kana shigowa. Ɗan kasuwa ya saba da bashi, da shi yake juya dukiyarsa. Abin da ke ɓata masa rai shi ne kuɗinka na hannu ya tafi wurin wani, nasa kuma ya kwanta. Za mu je tare, amma kai za ka yi magana. Ka ce masa daga yau duk katakon da za ka ɗauka a wurinsa za ka ɗauka, kuɗi hannu, tsohon bashi kuma ka riƙa rage shi a ƙa'ida. A tsayar da shi a Naira, N200,000, kada a bar shi a lissafin falanki, in ba haka ba shi ma ya shiga sahun masu girma.

Wajen yanka abin da za ka riƙa biya ne mutane ke rusa kansu. Kunya da zafin zuciya sukan sa mutum ya ce dubu hamsin duk wata, ya cika sau ɗaya, na biyu ya kasa, na uku ya koma ɓuya. Kai ka san shekarar kafinta a ƙauye. Kuɗi na shigowa bayan an sayar da riɗi da gyaɗa da shinkafa, daga Nuwamba: lokacin aure, lokacin gini da rufi, har zuwa bazara. Iskar farkon damina takan yaye kwano a samu ɗan gyara. Daga nan shiru, kowa na gona, kuɗin kowa ya tafi taki, a watan Agusta sai ka yini ba wanda ya kawo ko kujerar tsuguno. To me zai sa ka yi alkawarin kuɗi iri ɗaya a Fabrairu da Agusta?

Ga yadda nake gani. Oktoba zuwa Disamba, da kake fama da aikin mutane, N5,000 duk wata, don ya ga hannunka na motsi. Janairu zuwa Mayu N20,000 duk wata. Yuni zuwa Oktoba a koma N5,000. Nuwamba zuwa Janairu N20,000. Lissafa ka gani: wata 16, N200,000 cif. Zai ce ya yi nisa, ɗan kasuwa ne dole ya ce haka. Kada ka ƙara don ka faranta masa a zaune. In Allah ya kawo babban aiki ka kai masa fiye da ƙa'ida, wannan zai fi yi masa daɗi a kan alkawarin da ya karye.

Kuma a rubuta. Na san mutanenmu, da ka ce a kawo takarda sai a ce ba ka yarda da mutum ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Wa ya fi Allah sanin halin bayinsa? A rubuta jimilla, da watanni, da abin da za a biya, shaidu biyu su sa hannu, ni ɗaya. Duk biyan da ka yi a rubuta a littafinsa da naka. In ta waya ka tura ko ta mai POS, ka riƙe rasit, ka kira shi ya tabbatar ya gani. Rai ba a hannunmu yake ba, kuma bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado. Kada ka bar wa iyalinka gardama.

Yanzu daga ina kuɗin zai fito? Wannan na koya maka tun kana riƙe mini tef, amma bari in maimaita. Kowane aiki kuɗinsa biyu ne: kuɗin kaya da kuɗin hannu. Na kaya ba naka ba ne ko na dare ɗaya. Ranar da aka ba ka, ranar ko washegari ya zama katako a jingine a shago. In kana tsoron zuciyarka, ka ce mai aikin ya tura wa Alhaji kai tsaye, ko ku je kasuwar tare. Bashi daga kuɗin hannu kaɗai ake biyansa. Shi kuma ka kasa shi uku: na cefane, na shago wato fetur da gyaran inji da ɗan abin da za ka ba yaranka, sai na bashi. Na bashin ka kawo mini ajiya duk ranar da aka biya ka, kada ya kwana a aljihu, don aljihu ba ya jin maganar ƙarshen wata. Abin da zai kashe ka shi ne ka karɓi kafin alƙalamin sabon mutum ka gama aikin tsoho da shi. Kafintoci da yawa a haka suke rayuwa shekara da shekaru, kullum da aikin mutum ɗaya a wuyansu, har ranar da ciniki ya tsaya asiri ya tonu.

Wani zai ba ka shawarar ka shiga adashi ka yi kwasar farko. Kwasar farko bashi ce, mutum goma za su bi ka maimakon ɗaya. In za ka shiga, sai bayan ka sallami masu aiki, ka karɓi ta ƙarshe ko kusa da ita, ka ware ta don kawunka.

Kawu shi ne na ƙarshe a biya, amma shi za ka fara zuwa gaisarwa. Ɗan'uwa ba ya tambaya, sai dai ya riƙe a ciki, ka ji maganar ta fito a bakin matarsa ranar suna. Ka je da kanka bayan magariba, ka nuna masa littafin, ka ce nasa zai fara bayan na masu aiki, ko da dubu biyar-biyar ne. In ya ce ya ɗaga maka, ya yi aiki da aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Amma ka tuna ɗaya gefen, hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Kada a gan ka da sabuwar waya ko sabuwar shadda ta Sallah kuɗinsa na wurinka. In yana son hatsi a madadin kuɗi da kaka, babu laifi, amma a yi farashin ranar da za a auna. Kada ka yarda a yanka buhu tun yanzu.

In kuma wani mai hali a garin nan ya fitar da zakka ya miƙo maka, kada girman kai ya sa ka mayar. Waɗanda ake bi bashi suna cikin kashi takwas na masu karɓar zakka da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60. Ka karɓa, ka kai ta inda bashin yake a ranar.

Akwai watan da za ka kasa, wannan kusan tabbas ne, ko rashin lafiya ko inji ya lalace. In ka hango haka, ka kira Alhaji kwana uku kafin ranar, ka gaya masa abin da ya samu, ka tura abin da ke hannunka ko N2,000 ce, a rubuta ragowar a kan wata mai zuwa. Kada ka ranto a wani wuri don ka cike. Gobe da safe ka zo da littafin da awon ɗakin amarya, mu fitar da katakon kafin mu wuce wurin rufi.