Sai na sayi sintesaiza mai tsada kafin in yi kiɗa irin na Kraftwerk?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne a Zariya. Tun ranar da wani abokina ya turo mini kiɗan ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus ban sake samun sukuni ba. Daga nan na faɗa wa ƙungiyar Radiohead ta Ingila, yanzu kusan duk datata a kallon na'urorin kiɗa take ƙarewa. Abokan ɗakina cewa suke ƙarar janareta nake saurare. Tambayata biyu ce. Ta yaya akwatin da ba fata ba tsirkiya yake fitar da irin wannan sauti? Sannan ina tara kuɗi in sayi sintesaiza ta gaske, don na ji an ce ba a yin irin wannan kiɗa da ƙananan kaya. Wacce zan saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ji haushin abokan ɗakinka, tsokana suke yi amma sun kusa da gaskiya fiye da yadda suke zato.

Duk wani sauti girgiza ce. Ka ɗora yatsa a kan takardar lasifika lokacin da kiɗa ke tashi, za ka ji tana gaba tana baya. Idan ta yi haka sau 440 a daƙiƙa guda, kunnenka zai ji muryar da makaɗan Turai suke daidaita kayansu a kanta. Idan ta rage sauri sautin ya yi kauri, idan ta ƙara ya sirance. Wutar da janareta ke bayarwa a ƙasarmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kuma ka sha jin ta: ita ce gurnanin nan da lasifikar masallaci ke yi idan waya ta yi sako-sako kafin ladan ya fara. To zuciyar sintesaiza wani ɗan da'irar lantarki ne, osileta, da ke haifar da irin wannan kai da komowar, sai dai shi kai ne kake gaya masa saurin da zai yi. Kowane maɓallin fiyano da ka danna, saurin ka canza.

Abin da osileta ke fitarwa ɗanye ne, yana da kaushi a kunne. Nan filta ke shigowa, ta tace shi. Gwada da bakinka yanzu: ka ja "aaa" da murya ɗaya, a hankali ka tsuke leɓɓa har ya koma "uuu". Maƙogwaronka bai canza komai ba, bakinka ne ya danne siraran ɓangarorin sautin ya bar masu kaurin. Aikin filta ke nan, kuma murɗa ta a tsakiyar kiɗa shi ne "waaw" ɗin nan da ke tayar maka da tsigar jiki. Abu na uku shi ne abin da ke tsara rayuwar sautin: zai fashe ne nan take ya mutu, ko zai taso a hankali ya daɗe? Da girgiza iri ɗaya za ka iya samun bugun ganga, za ka iya samun busar sarewa, ya danganta da yadda ka tsara farkonta da ƙarshenta.

Robert Moog a Amurka ya fito da irin wannan na'ura a 1964, ƙatuwa, sassanta a rarrabe ana haɗa su da wayoyi. A 1970 aka ƙanƙanta ta ta zama Minimoog wadda mutum ɗaya zai iya ɗauka. A wannan shekarar ce Ralf Hütter da Florian Schneider suka kafa Kraftwerk a Düsseldorf, kuma Minimoog tana cikin kayan da suka yi Autobahn da su a 1974, waƙar da ta haura minti 22.

Yanzu maganar kuɗi. Shawarata ita ce ka riƙe abinka tukuna. Ba na musun cewa Kraftwerk sun kashe kuɗi a kan kaya, amma gangunansu na lantarki da hannu suka ƙera su: fale-falen ƙarfe da ake bugawa da sandunan ƙarfe masu waya. Kuma in ka bi tarihin wannan fanni za ka ga sautukan da suka fi yaɗuwa a duniya daga kayan da kasuwa ta raina suka fito, ko daga hannun wanda ya yi amfani da na'ura ba yadda mai ita ya nufa ba.

Ɗauki TR-808, injin ganga da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980 a kan dala 1,195. Kishiyarsa a lokacin, LM-1, ta kusa dala 5,000, kuma sautin ganguna na gaskiya aka naɗa a cikinta. Shi kuwa 808 kwaikwayo yake da da'irar lantarki, masana suka ce ko kusa bai yi kama da ganga ba. Wani ɓangare na sautinsa ma daga taransistoci, wato ƙananan sassan lantarki, da masana'anta ta ware a matsayin marasa inganci yake fitowa, waɗanda mai kamfanin, Ikutaro Kakehashi, ya saya da gangan. Da ƙira ta inganta irin waɗannan taransistoci suka yi wuyar samu, aka daina yin injin a 1983 bayan an ƙera kusan 12,000. Ya koma kayan gwanjo, samarin da ba su da kuɗin situdiyo suka kwashe. A 1982 Afrika Bambaataa a New York ya ɗora karin Kraftwerk ɗinka a kan bugun 808 a waƙar Planet Rock. Yau bes ɗin nan, sauti mai kauri, mai girgiza gilashin mota da kake ji a waƙoƙin zamani jikan wannan injin ne.

Ƙaninsa TB-303 ya fi shi shan kunya. An yi shi a 1981 don ya maye wa mai jita gurbin abokin kiɗa mai bes, bai iya ba, aka janye shi a 1984. Sai wasu samari a Chicago, ƙungiyar Phuture, suka samu ɗaya da araha, suka bar shi yana maimaita layi guda suna ta murɗa filtarsa har yana kuka. A 1987 aka fitar da abin a faifai, wani sabon salon kiɗa ya tashi daga nan.

Wanda ya fi shafar mu shi ne manhajar Auto-Tune. Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin nazarin girgizar ƙasa wa masu neman man fetur, ya fitar da shi a 1997 don a gyara muryar mawaƙin da ya ɗan kauce, a ɓoye, ba tare da kowa ya gane ba. Akwai wurin da ake saita saurin gyaran. Idan aka kai shi sifili, murya ba ta gangarowa a hankali, tsalle take yi daga mataki zuwa mataki. Haka aka yi wa muryar Cher, mawaƙiyar Amurka, a 1998, kuma ka san inda abin ya kai a situdiyoyin Kano da Kaduna. Wasu na ƙyamarsa, ni ma ina gajiya idan aka zuba shi a kan kowace murya ba ji ba gani. Amma a Sakkwato Mdou Moctar, makaɗin jitan nan na Nijar, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da injin ganga da Auto-Tune irin na waƙoƙin Hausa. Waƙoƙin suka bi wayoyin salula hannu zuwa hannu a faɗin Sahara kafin duniya ta san sunansa. Shekara talatin kafin haka, a 1978, Mamman Sani ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa a Yamai da ogan ɗin lantarki ƙirar Orla ta Italiya. Mutanen Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, sai a 2013 aka sake fitar da shi ga sauran duniya. Ka neme shi ka saurara, mai son Kraftwerk ba zai yi baƙunta a wurinsa ba.

Ga inda nake ganin kana da abin yi da ya fi sayen kaya. Yawancin waɗannan na'urori an gina su ne a kan matakai 12 na fiyanon Turai, da ma'aunin lokaci mai tsauri wanda kowane bugu sai ya faɗa daidai kan layi. Kiɗanmu ba haka yake tafiya ba. Makaɗin kalangu yana matse igiyoyin a hammatarsa bayan ya riga ya buga, sautin ya lanƙwasa sama ko ƙasa yana bin karin magana. Mai goge yatsansa zamewa yake a kan izga, yana ratsa wuraren da fiyano ba shi da maɓallinsu. Su ma Turawa masu gwaji wannan zamewar suke nema. Jonny Greenwood na Radiohead yana kaɗa ondes Martenot, na'urar Faransa ta 1928, wadda ake sa zobe a yatsa ana jan sa a gaban maɓallan, sautin yana gangarawa ba yankewa. Yawancin fiyanon da ke situdiyoyinmu suna da ɗan gare a gefen hagu mai lanƙwasa sauti, amma da wuya ka ga an taɓa shi in ba don kwaikwayon sarewar Indiya ba.

Saboda haka ka fara da abin da ke aljihunka. Ka samu mai kalangu a wurin biki, ka nemi izininsa, ka yi masa ihsani, ka naɗi minti guda da wayarka. Ka zuba a Audacity, manhajar gyaran sauti a kwamfuta, kyauta ce, ka rage saurin da rabi. Sautin zai sauka ƙasa sosai, lanƙwasar da take wucewa kamar ƙiftawar ido za ta miƙe ka ji ta dalla-dalla. Ka yanko bugu ɗaya ka juya shi baya. Ka ɗora layin sintesaiza a kai, amma ka kashe saitin da ke jawo kowane bugu kan layi, ka bar na'urar ta bi makaɗin. Idan kana son ganin yadda osileta da filta ke haɗuwa, VCV Rack a kwamfuta yana ba ka irin tsarin Moog na farko, kana jona wayoyin da kanka, shi ma kyauta. A waya kuma akwai manhajar haɗa kiɗa ta BandLab.

Kuɗin da ka tara, kashi na farko ya tafi kan abin saurare na kunne mai kyau, domin lasifikar waya ba ta iya fitar da kaurin bugun 808, sai ka yi ta aiki a kan abin da ba ka ji. In da saura, ka nemi fiyanon Yamaha PSR na hannu, ka tabbatar yana da ramin USB ko MIDI don ya sarrafa manhajojin kwamfutarka, ka danna maɓallansa ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shago. Ka duba bayan caja kafin ka jona: kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na volt 120 ne, na Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Sannan kada ka jona shi kai tsaye da ƙaramin janareta ba tare da sitabilaiza ba.