Hajiya, kada ki kai masararki ɗakin ƙanƙara

Wata Hajiya mai sayar da hatsi a Aboabo, nan Kumasi, ta aiko da tambaya. Ta saro masara buhu 60 daga Ejura, tana son ta ajiye har farashi ya ɗaga. Ƙaninta da ke Kanada ya ce can a rumbu ake ƙanƙarar da hatsi don ƙwari su mutu, ga kuma wani mai ɗakin sanyin kifi ya ce zai ba ta haya. Shin ta shiga?

Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kada ki shiga.

Ƙanin naki bai yi ƙarya ba, sai dai can sanyi kyauta ne: fanka kawai ke tura iskar hunturu cikin rumbun ƙarfe. Su ma ɗin a tsorace suke da ranar da ɗumi zai dawo. Iska mai ɗumi ta taɓa hatsin da ya ƙanƙare, sai raɓa ta sauka, ta daskare, ta toshe hanyar iska, hatsi ya dunƙule ya fara ruɓa daga ciki.

To ina ga Kumasi, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara? Ki ciro fiya wata daga firji ki ajiye a tebur, ki ga yadda take zufa. Haka kowane buhu naki zai yi ranar fitarwa. Masarar ajiya ba a son ruwan jikinta ya wuce kashi 13 cikin 100, ta Ejura kuwa da ake karya a Agusta da Satumba sau da yawa ba ta gama bushewa ake zuba ta a buhu. Sanyi ba ya busar da ita, ɓoye matsalar yake yi. Tana fitowa sai fumfuna, ita ce kuma ke kawo gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda dahuwa ba ta kashewa. Wannan ya fi hasarar kuɗi damuna, domin yaranmu ne ke cin tuwon.

Ki ƙara da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, a narke a sake daskarewa, da ƙarnin kifi da zai kama hatsin, da kuɗin haya duk wata, da ladan 'yan dako shiga da fita. Ribar da kike jira ta tafi tun kan a buɗe buhu.

Ki shanya ta sosai a kan tamfol. Ki zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri, ki girgiza, ki bari ta ɗan jima. In gishiri ya manne a jikin kwalba, da saura. In ta bushe, ki sa a buhun PICS mai riɓi uku, ki ɗaure kowane riɓi daban, ƙwari su mutu don rashin iska. A jera kan katako, nesa da bango.

Firiza ki bar wa waken gida, olonka (gwangwanin awo) biyu ko uku: a ɗaure cikin leda, ya yi mako guda, kada a kwance sai sanyin ya sake shi. Buhunan da gishiri ya nuna da laima kuwa, in babu rana, ki sayar da su cikin makon nan.